Dada Afi Ba Ta Saci Takardar Kowa Ba

Ran nan ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, jikata Maryama ta fito daga ɗaki tana neman ɗan kunnenta. Ta ɗaga tabarma, ta kakkaɓe gyale, sai na ji ta ce, "To, Afi ta zo ke nan." 'Yan'uwanta suka kwashe da dariya. Wallahi sai da tiren ya kusa suɓucewa daga cinyata. Na san maganar nan tana yawo a gidanmu tun ba a haifi Maryama ba. Cokali ya ɓata, Afi ta zo. Takalmi ya ɓata a ƙofar masallaci, Afi ta zo. Amma jin ta a bakin yarinyar da ba ta ma san Afi mutum ce ko aljana ba, shi ya hana ni cin abinci ranar. Na sha faɗa da baki, ana cewa Hajiya ta tsufa, rigima take ji. To ni 'yar mai ɗab'i ce, na san abin da aka buga a takarda ya fi abin da aka faɗa daɗewa. Saboda haka ku zauna ku karanta, ku 'ya'yana da jikokina, har da 'ya'yan yayana marigayi Alhaji Idi in sun ga dama.

Babanmu, Malam Garba, yana da shagon ɗab'i a tsohon Zongo, wanda ke tsakiyar Lome kafin a tashe mu. A nan aka haife shi, a nan aka binne cibiyarsa, ko da yake mahaifinsa daga arewacin Najeriya ya gangaro da fatauci. A Ankara ta ƙasar Gana ya koyi aikin, can kuma ya sayo tsohon injinsa, ya ƙetaro da shi iyaka gunduwa-gunduwa ya harhaɗa da hannunsa. Injin taka ƙafa ne kamar keken ɗinki, sai dai ya fi saniya nauyi. Haruffan na dalma ne, kowanne da gidansa a cikin akwati, a tsinto su ɗaya-ɗaya a jera a juye, a ɗaure su tamau, a shafa tawada, a taka injin ya manna su a takarda. Katin aure, katin suna, takardar saukar karatu, kalandar azumi, duk Zongo a wurinmu ake bugawa. Amma abin da ya fitar da sunan Baba shi ne lino. Shimfiɗar ƙasa ce ta gidajen Turawa, yakan je unguwar Nyekonakpoe ya sayo guntayenta idan ana gyaran gida. Sai ya shanya ta a rana ta yi taushi, ya ɗauko wuƙaƙensa da ya ƙera da ƙarafan tsohuwar lema, ya sassaƙa zayyana irin ta allon sauka, layi ya shiga layi ya fita ba ka ganin inda ya fara. Inda ya sassaƙe ya fito fari, inda ya bari ya sha tawada. Kuskure ɗaya ya isa a jefar da aikin mako guda, don abin da wuƙa ta cire ba ya komawa.

Ni ce a shagon tare da shi, ba Yaya Idi ba. Shi Yaya lakwal aka sa shi, wato makarantar boko, ya dawo da Faransanci a baki da ƙyamar tawada a farce. Mutane sun yi ta gunaguni, wai ina aka taɓa ganin budurwa tana taka inji. Baba ya ce musu hannun Dije, wato ni, ba ya rawa, in suna da ɗa mai irin hannunta su kawo shi. Ba wanda ya kawo.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan maganar take. Duk aikin da za a buga, takardun farko lalacewa suke yi. Wata tawadar ta yi yawa, wata ta yi kaɗan, wata ta karkace, sai an yi ta gwadawa kafin inji ya daidaita. Waɗannan takardun gwaji kwando biyu muke da su dominsu. Ɗaya yana rataye can sama kusa da rufi, shi ne na duk takardar da sunan Allah ko aya ta hau. Idan ya cika Baba yakan yi alwala, ya ƙone su da kansa a cikin tsaftataccen kasko, ya binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Ɗayan yana ƙasa bakin ƙofa, shi ne na sauran tarkace, kuma wannan na Dada Afi ne. Dada Afi 'yar ƙabilar Ewe ce, Kirista, tana suyar koliko a bakin hanya daura da shagonmu, wato doya soyayya da yaji. Da takardunmu take ƙunshe wa masu saye. Ba ciniki ba ne tsakaninmu. Ta kwashi takarda, da hantsi kuma ta aiko mana da koliko mai zafi, haka na taso na tarar. Hausarta ta fi ta wasu 'yan Zongon, kuma duk haihuwar da Innarmu ta yi, Dada Afi ce ta fara ɗora mata ruwan zafi.

Sai shekarar nan ta zo. Lokacin jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, kowa ɗanta ne ko yana so ko ba ya so, jaririn goye ma an ce nata ne. Ana kwashe 'yan makaranta da matan kasuwa a sa musu anko su yini a rana suna rawa da waƙar yabon shugaba, wanda mu a gida ba ma kiran sunansa, sai dai mu ce Mai Ƙasa, shi ma da murya ƙasa-ƙasa. Yaya Idi yana cikin samarin jam'iyya, har da bajo a ƙirji. Ana shirin wani babban biki sai ga shugaban kwamitin unguwa ya shigo shagonmu da hoto a hannu. Ba baƙo ba ne, ɗan Zongo ne kamarmu, tare suka yi makarantar allo da Baba, amma tun da ya samu kujerar nan sai ya koma gaisuwa da Faransanci. Musye Kwamiti muke ce masa a bayan idonsa. Ya ce ana so kowane gida da kowane shago a Zongo ya liƙa hoton Mai Ƙasa, kuma Malam Garba ne zai sassaƙa ya buga.

Baba ya ce, "Kai ma ka sani, ban taɓa sassaƙa abu mai rai ba. Ko ƙadangare ban taɓa yi ba."

Ya ce, "To ka fara da zaki. Ka ga Malam, ana ta cewa ku 'yan Zongo zuciyarku tana Najeriya. Ga dama ta samu ku wanke kanku."

Ku ji fa! Ku 'yan Zongo, in ji wanda uwarsa ke sayar da fura a bayan masallacinmu. Baba ya yi kwanaki bai taɓa hoton ba. Inna ta yi roƙo, Yaya ya yi ta zirga-zirga, aka aiko cewa za a rufe shago. Ran nan da safe na ga ya shanya lino a rana, ya jingina hoton a gaban madubi, ya zauna. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne, bai iya yin aikin banza ba. Ya so ya yi shi sama-sama, hannunsa ya ƙi. Fuskar ta fito kamar za ta yi magana. Duk zayyanar da ya yi a rayuwarsa ba wadda mutane suka tsaya suna kallo kamar wannan abin da aka tilasta masa, kuma ya san haka, shi ya sa da ya gama ko kallonta bai ƙara yi ba.

Hoton yana da baƙi da yawa, ga hula ga kwat, saboda haka ya sha tawada ya kuma ɓata takarda fiye da kowane aiki. Wani ya fito da ido ɗaya, wani hancin ya dagule, wani rabin fuskar ya ɓace. Kafin mu gama, takardun gwaji sun yi tsibi a ƙarƙashin tebur. Da Musye Kwamiti ya zo kwasar masu kyau, Baba ya nuna masa tsibin ya ce ya haɗa da su.

Musye Kwamiti ya ja da baya ya ce, "In kai musu Mai Ƙasa da ido ɗaya? Rufa mini asiri! Ban gani ba, ban ji ba."

Baba ya ce, "To ya zan yi da su?"

Ya ɗaga kai ya dubi kwandon sama ya ce, "Ga wuri nan. Ku riƙe su yadda kuke riƙe takardar da ke da sunan Allah."

Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Ya ce, "Ka ji abin da ya fito daga bakinka kuwa? Tare muka wanke allo da kai." Mutumin ya sa aka ɗauki kayansa ya fita. Yaya Idi ya ce ai ba wani abu ba ne, a zuba su a sama kawai, wa zai sani. Baba ya ce shi zai sani. A ƙone su dabam kuma ba dama, don a Zongon wancan lokaci hayaƙi ba ya tashi a gidanka ba tare da wani ya leƙo ta katanga ba, kuma a ce an ga kana ƙona fuskar Mai Ƙasa, ai ka gama yawo. Haka tsibin ya zauna muna tsallake shi, kullum Baba ya dube shi sai ya yi tsaki.

Ana nan sai Dada Afi ta leƙo da safe. Tun da muka fara aikin hoton ba abin da ya faɗa kwandonta, ga damina, ga ma'aikatan ofis ba sa son a ƙunsa musu a ganye. Ta ce, "Malam, yau ma babu?" Baba ya dubi kwandon ƙasa wayam, ya dubi na sama, ya dubi tsibin. Sai ya sunkuya ya ɗebo da hannu biyu ya zuba a kwandon ƙasa, ya ce da ni, "Dije, ɗaure mata." Ni na ɗaure su da igiya, da waɗannan hannuwan da nake rubutu da su.

Dada Afi ta zaro ɗaya ta duba, ta ce, "Malam, wannan ba zai jawo magana ba?"

Ya ce, "Takarda ce, Afi. Kwando biyu gare ni, ba na uku. Ki ninka ta biyu, fuskar a ciki."

Ba na ce muku Baba ya yi dabara ba. Fushi ne ya ba shi shawara, kuma ya manta abin da duk mai suya ya sani, cewa mai yana ratsa takarda. Da azahar wani mai kaki ya sayi koliko, kafin ya kai bakin titi mai ya jiƙe ƙunshin, ga Mai Ƙasa ya bayyana a tafin hannunsa da ido ɗaya da yaji a goshi. Ba a jima ba mota ta tsaya cike da masu kaki. Suka shure kaskon, tafasasshen mai ya kwarara wa Dada Afi a ƙafa, suka ja ta tana ihu suka jefa a mota. 'Yarta Akosiwa, wadda ko yaye ba a daɗe da yi mata ba, aka bar ta a kan tabarma tana tsala kuka, Inna ce ta fita ba mayafi ta ɗauko ta. Sannan suka shigo shagonmu. Baba ya tafi babbar kasuwa sayen takarda, daga ni sai Yaya Idi. Suka tambaya da Faransanci yadda aka yi hoton ya fita daga nan. Ina jin Faransanci daidai gwargwado, kuma na ji abin da yayana ya ce tsaf. Ya ce mun adana su da girmamawa a kwandon sama, matar nan ce ta faki idonmu ta hau kujera ta sace. Na buɗe baki, ya taka mini ƙafa da takalminsa har sai da farcena ya fashe. Suka dubi bajonsa, suka rubuta, suka tafi.

Da Baba ya dawo bayan la'asar, Yaya ne ya tare shi da labari, yana faɗa yana haki kamar wanda ya ciro yaro daga rijiya. Baba ya zauna a kan turmi, Akosiwa tana bayan Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Yaya ya ce, "Baba, ita 'yar ƙasa ce. Za su ɗan taɓa ta su sake ta. Mu fa? Cewa za su yi baƙi sun zagi shugaba. Ka manta yadda aka koro mutane daga Gana, muna kallo suna wucewa da tabarmi a ka? Ina za mu? Wa ka sani a Najeriya?"

Inna ta ce, "Malam, ka dubi yaran nan. Mu riƙe mata 'yar, mu riƙa kai mata abinci, Allah ya ga zuciyarmu."

Baba ya ce, "Ta tambaye ni. Da bakinta ta tambaye ni ko zai jawo magana, na ce mata takarda ce."

Yaya ya ce, "To ai an riga an rubuta. In ka je ka canja, ni ka kashe."

Nan Baba ya ɗaga kai ya dube shi. Ban taɓa ganin ya dubi ɗansa haka ba, ba kuma na fatan in sake ganin uba ya yi wa ɗa irin wannan kallo. Ya ce, "Ka sa ta hau kujera ta taɓa kwandon sama. Matar da in ta shigo shagon nan take sunkuyar da kai in ta zo ƙarƙashinsa. Ba ka ma samo mata ƙaramar sata ba, Idi."

Washegari bayan ya karya kumallo ya sa rigarsa ta Juma'a, ya naɗe linon hoton a cikin tsumma ya saƙala a hammata. Ya ce da ni in wanke haruffa da kananzir in mayar da kowanne gidansa, kada in bar aiki a watse. Inna ta riƙe masa hannun riga, ya cire hannunta a hankali ya fita, ya kai kansa wurin masu kakin. Daga baya muka ji abin da ya gaya musu: shi ya sassaƙa, shi ya buga, shi ya ba ta da hannunsa, ɗansa ba ya nan lokacin, zato kawai ya yi. Ko a bakin kura sai da ya rufa wa Yaya asiri.

Sun saki Dada Afi bayan 'yan kwanaki, ƙafar ta ruɓe, da ɗingishin nan ta ƙare rayuwarta. Ranar da aka sake ta aka zo da babbar mota aka ɗauke injin. Da suka ga akwatunan haruffa sun yi nauyi sai suka kifar da su a waje, haruffan da na wanke ɗaya-ɗaya suka watse cikin yashi, masunta suka yi ta zuwa suna tsinta don nauyin taru. Baba kuwa sai da damina ta wuce aka sako shi. Ya dawo da yatsun hannun dama a karkace, ba ya iya riƙe ko cokali, balle wuƙa. Bai taɓa gaya mana abin da aka yi masa ba. Daga nan ni na koma sassaƙa, yana zaune a gefena yana cewa nan ki zurfafa, nan ki sassauta. Da ba inji sai mu ɗora takarda a kan lino mu murza da bayan ludayi, ɗaya bayan ɗaya. Da ludayin nan aka ci abinci a gidanmu har aka aurar da ni.

To me ya sa ƙaryar ta rayu gaskiyar ta mutu? Saboda Baba ba zai iya tsayawa a ƙofar masallaci ya ce Afi ba ta yi sata ba, ba tare da ya ce ɗansa maƙaryaci ne ba. A gida dai ba mai ambaton sunanta da mugun nufi yana raye. Sannan aka rushe tsohon Zongo aka watsa mu bayan gari, maƙwabtan da suka san zancen kowa ya kama gabansa, Dada Afi ta koma wurin danginta a unguwar Amutive. Yaya Idi ya cire bajo ya shiga canjin kuɗi a unguwar Kojobiyakope, Allah ya buɗa masa, ya zama Alhaji, maganarsa ta yi nauyi. Duk wanda ya tambaye shi yadda injin Malam Garba ya salwanta, sai ya girgiza kai ya ce wata ɓarauniya ce ta ja mana. Ya faɗa har ina jin shi kansa ya yarda. Na tare shi ba sau ɗaya ba, ya ce ni yarinya ce lokacin, me na sani. Yarinya! Ni da na ɗaure igiyar! Ranar da Baba ya rasu Dada Afi ta zo da ɗingishinta da kwanon koliko a ka, Yaya ya sa aka ce mata ta koma, a gaban mutane. Ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta juya. Allah ya jiƙan Yaya Idi, ɗan'uwana ne ciki ɗaya, amma wannan ban yafe ba, kuma ba nawa ba ne ma da zan yafe.

Ban daina zuwa wurinta ba. Zuwana na ƙarshe ta tsufa ƙwarai, idon ya tafi, tana kwance a kan tabarma a ɗakin Akosiwa. Ta shafa fuskata, ta shafa yatsuna ta ce har yanzu akwai kanta a jikinsu irin ta masu riƙe wuƙa. Muka yi hirar tsohon Zongo, ta yi ta dariya tana kwaikwayon tafiyar Musye Kwamiti. Ko sau ɗaya ba ta ambaci ƙafarta ba. Da na tashi tafiya sai ta riƙe mini zane.

Ta ce, "Dije, jikokin Malam sun san ni kuwa?"

Na ce, "Dada, ba ranar da ba a kiran sunanki a gidanmu."

Fuskarta ta washe. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Kin gani! Na san gidan Malam ba za su manta da ni ba."

Da wannan farin cikin ta mutu, kuma ni na san da wane baki kuke kiran sunan. Akosiwa tana nan da ranta a Amutive, gidan da ke bayan masu gyaran babur, ita ma ta yi jikoki. Maryama, an ga ɗan kunnenki, a cikin aljihun jakarki yake inda kika sa shi. Ranar Asabar ki saka shi, ki yi wanka, ke da duk wanda ya yi dariyar nan. Zan kai ku ku durƙusa ku gaishe ta.